KO ANUHU YA ƊANƊANI MUTUWA? TAMBAYAR DA TA RABA MALAMAN KIRISTA

Duk baƙon da ya wayi garin Lahadi a Jos, in ya kasa kunne zai ji waƙa da karatu suna tashi daga majami'u ta kowace kusurwa, kuma da yawa daga cikinsu da Hausa a ke yi. Birom da Anaguta da Afizere da Angas da Tarok kowa yana da harshen gidansu, amma Hausa ce ta daɗe tana haɗa su a wurin sujada, musamman tun daga shekarar 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba ƙarfinsa. A titi guda, watau titin Noad, a ke samun hedkwatar ECWA da ta COCIN. A Bukuru akwai Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda aka buɗe cikin 1959, ECWA ta kafa tata makarantar tauhidi a Jos cikin 1980, 'yan Katolika kuma suna da babbar makarantar horon limamai ta Waliyyi Agustin a Laranto. Garin da ya tara malaman addini haka ba ya rabuwa da muhawara.

Cikin tambayoyin da ɗalibai kan yi wa malamansu, yara kuma su yi wa masu koya musu a makarantar Lahadi, akwai wata tsohuwa wadda ta girmi Jos da ƙarnuka masu yawa. Ita ce: shin Anuhu, kakan mahaifin Nuhu, ya shiga sama da ransa ba tare da ya mutu ba, ko kuwa ya mutu kamar kowa? Yawancin Kiristan da za a tsayar a bakin kasuwar Taminus za su ce ai bai mutu ba, su yi mamakin mai tambayar. Amma in aka shiga littattafan magabata, sai a tarar maganar ba ta tsaya nan ba.

ABIN DA NASSIN YA FAƊA

Labarin Anuhu a Littafin Farawa aya huɗu ne kacal, cikin sura ta 5, daga aya ta 21 zuwa ta 24. Surar jerin zuriya ce daga Adamu zuwa Nuhu, kuma tsarinta ɗaya ne: a faɗi shekarun mutum sa'ad da ya haihu, a faɗi jimlar shekarunsa, sa'an nan a rufe da mutuwarsa. Adamu ya yi shekara 930, Shitu 912, Enosh 905, Kenan 910, Mahalalel 895, Yared 962, Metusela 969, Lamek 777. Sau takwas a ke maimaita mutuwa cikin surar, kamar mai buga ganga da kiɗa ɗaya. Sai a kan mutum na bakwai kiɗan ya sauya. Anuhu ya haifi Metusela yana da shekara 65, ya ƙara 300 cikin zumunci da Allah, jimla 365, daga nan aka daina ganinsa, domin Allah ya ɗauke shi. Ba a ambaci mutuwa ba. Amma fa ba a ambaci sama ba, ba a kuma faɗi inda aka kai shi ba.

A wannan kalma ta ɗaukewa ne rigimar ta ke. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita, lakah, kalma ce ta yau da kullum, ta ɗaukar kaya ko karɓar abu ko ɗaukar mace da aure. Ita ce aka yi amfani da ita a labarin Iliya cikin 2 Sarakuna sura ta 2, inda guguwa ta yi sama da shi. Ita ce kuma aka yi amfani da ita cikin Ezekiyel 24:16, inda Allah ya sanar da annabin zai ɗauke masa matarsa, kuma da maraice matar ta rasu. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, gama shi ma in an yi rasuwa ya kan ce Allah ya karɓi abinsa, ko ya ce Allah ya ɗauki ran wane, alhali kuwa da kalmar nan ce zai ce iska ta ɗauke rufin ɗaki. Malaman Yahudawa na dā sun lura da haka. Cikin tsohon sharhinsu na Farawa wasu sun kafa hujja da matar Ezekiyel suka ce Anuhu mutuwa ya yi, kuma shahararren malaminsu Rashi, wanda ya rasu a Faransa cikin 1105, ya ce Allah ya gaggauta masa mutuwa tun kafin lokacinsa don kada ya karkace. Wasu Yahudawan kuwa suka ɗaukaka shi har suka ce an mai da shi babban mala'ika.

Ga Kirista, abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa. Cikin sura ta 11 aya ta 5, marubucin ya ce saboda bangaskiya aka kawar da Anuhu don kada ya ga mutuwa, kuma ba a same shi ba. Da a nan ya tsaya da an huta. Sai ga shi bayan aya takwas, a aya ta 13, bayan ya lissafa Habila da Anuhu da Nuhu da Ibrahim da Saratu, ya ce dukansu sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Har ila yau ga Bisharar Yahaya 3:13, inda Yesu ya gaya wa Nikodimu cewa ba wanda ya hau sama in ba wanda ya sauko daga can ba. Ga Ibraniyawa 9:27 mai cewa an ƙaddara wa mutane mutuwa sau ɗaya. Ga kuma Bulus cikin 1 Korantiyawa sura ta 15, inda ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci, ya kuma ce nama da jini ba su gādon mulkin Allah. To, in Almasihu ne na fari, ta ina Anuhu ya riga shi shiga?

AMSAR MAGABATAN IKILISIYA

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, manyan malaman Kirista na ƙarnukan farko ba su ce Anuhu yana cikin sama inda kursiyin Allah ya ke ba. Sun yarda bai mutu ba, amma suka nema masa masauki a tsakani. Iraniyus, bishop na Liyon, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya ce an kai shi gonar nan da aka fitar da Adamu daga cikinta, yana can yana jiran cikar zamani. Tatuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙara da cewa jinkirta wa Anuhu da Iliya mutuwa aka yi, ba yafe musu aka yi ba. An ajiye su ne su dawo a ƙarshen zamani su yi karo da Magabcin Almasihu, wanda Hausawa suka fi sani da Dujal, shi kuma ya kashe su. Daga nan ne aka daɗe ana fassara shaidu biyun nan na Wahayin Yahaya sura ta 11, waɗanda za su yi annabci kwana 1,260 a kashe su a tashe su, da cewa Anuhu ne da Iliya, ko da ya ke littafin bai faɗi sunayensu ba, kuma wasu sun fi ganin Musa ne da Iliya. Agustin na Hippo, wanda makarantar Laranto ke ɗauke da sunansa, shi ma yana ganin suna raye cikin jikin da bai tsufa ba amma bai riga ya zama marar mutuwa ba.

Toma Akwinas, wanda ya rasu cikin 1274, shi ya tsara maganar dalla-dalla. A ganinsa ƙofar sama a rufe ta ke ga ɗan Adam har sai da Almasihu ya buɗe ta da shan wuyarsa. Saboda haka saman da aka kai Iliya sararin iska ne, ba mazaunin tsarkaka ba, Anuhu kuma yana Firdausin duniya tare da shi. Wannan ra'ayi ya sami madogara a littafin Sirak, ɗaya daga cikin littattafan da 'yan Katolika ke karantawa amma ba su cikin Littafi Mai Tsarki na ECWA da COCIN, domin fassararsa ta Latin ta ambaci Firdausi a wurin da ta yi zancen Anuhu.

Duk da haka Ikilisiyar Katolika ba ta taɓa yanke hukunci a kan inda Anuhu ya ke ba. Cikin wani jawabi da Paparoma John Paul na Biyu ya yi ranar 21 ga Yuli, 1999, ya ambaci Anuhu da Iliya a matsayin misalin yadda alherin Allah kan ɗaga mai bi zuwa sama, ya kuma yi bayanin cewa sama ba wani wuri ba ne cikin gizagizai, zama ne na zumunci da Allah. Ko a kan Maryamu, sa'ad da Paparoma Pius na 12 ya zartar ranar 1 ga Nuwamba, 1950 cewa an ɗauke ta zuwa sama jiki da rai, bai ce ta mutu tukuna ba, bai ce ba ta mutu ba.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi shiga binciken sam. Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya wanda ya rasu cikin 407, ya gaya wa masu sauraronsa cewa nassi ya faɗi an kawar da Anuhu, bai faɗi wurin ba, kuma abin da bai faɗa ba ba a bukatarsa. Fiye da shekara dubu bayansa John Calvin na Janeba ya bi sawunsa, har da ɗan zafi, gama ya ɗauki masu cewa an ajiye mutanen biyu don ranar ƙarshe a matsayin masu shaci-faɗi. Amma shi ma bai iya yin shiru ɗungum ba. Ya ce ɗaukewar tasu wata irin mutuwa ce ta musamman, inda aka tuɓe musu jiki mai ruɓa aka sabunta su. Watau ya ba kowane ɓangare rabin abin da ya ke so. Ra'ayin Calvin ba baƙo ba ne a Filato, domin shugaban farko na kwalejin Bukuru, Dokta Harry Boer, ɗan ikilisiyar da ke bin tafarkinsa ne.

YADDA RA'AYOYIN SUKA ISO FILATO

Turawan mishan da suka hau dutsen Jos ba da ra'ayi ɗaya suka zo ba. Ƙungiyar SUM, wadda Karl Kumm ya kawo Wase cikin 1904, ita ce uwar COCIN. SIM kuma, wadda ta mai da Jos cibiyarta, ita ta haifi ECWA cikin 1954. A tsakanin masu bishara na Amurka da Kanada a wancan zamani, littafin da ya fi yawo shi ne bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito cikin 1909. Sharhin ya ɗauki Anuhu a matsayin alama: kamar yadda aka ɗauke shi kafin ruwan tufana, haka za a fyauce masu bi da ransu kafin hukuncin ƙarshe. Wannan koyarwa ta fyaucewa, wadda a ke dogara da 1 Tasalonikawa sura ta 4 a kanta, ta kafu ƙwarai a majami'un bishara da na Fentikos, kuma ita ta sa mai bi na yau ba ya ko shakkar cewa Anuhu yana sama.

Masu wannan ra'ayi suna da amsa ga kowace aya da aka kawo musu. Game da Ibraniyawa 11:13 su kan ce kalmar "duka" tana komawa ne ga Ibrahim da Saratu da Ishaku da Yakubu, domin su aka yi wa alkawarin ƙasa, kuma ayoyin da ke biye suna zancen ƙasar da suka baro, abin da bai shafi Anuhu ba. Wannan amsa tana da ƙarfi, gama da wuya marubuci mai hankali ya rushe maganarsa cikin aya takwas bai lura ba. Game da Yahaya 3:13 su kan ce Yesu yana zancen sani ne, watau ba wanda ya hau da ikon kansa ya ɗebo asirin sama ya sauko da shi. Anuhu kuwa ba hawa ya yi ba, ɗaukarsa aka yi. Game da nama da jini kuma su kan nuna aya ta gaba, inda Bulus ya ce ba duka za a yi barci ba amma duka za a sāke. Inda amsar tasu ta ɗan yi rauni shi ne kan nunan fari, domin in an riga an ba Anuhu jiki marar mutuwa dubban shekaru kafin tashin Almasihu, sai an yi dogon bayani kafin a ce Almasihu ne na fari. Su kan ce shi ne na fari cikin waɗanda suka mutu suka tashi, Anuhu kuwa bai mutu ba balle ya tashi.

Abin sha'awa yana wajen ƙungiyoyi biyu da suka yarda cewa matattu barci su ke yi ba su san kome ba har ranar tashi, amma suka rabu a kan Anuhu. 'Yan Adventist masu kiyaye Asabar, waɗanda suka kafa tasharsu a Jengre, arewa da Jos, a farkon shekarun 1930, suna koyar da cewa Anuhu yana sama da jikinsa, shi da Iliya da Musa, kuma Ellen White ta yi dogon bayani a kansa cikin littafinta na 1890 a kan kakanni da annabawa. A wurinsu shi ne samfurin waɗanda za su ga dawowar Almasihu da ransu. Shaidun Jehobah kuwa, masu raba mujallar Hasumiyar Tsaro, sun ce atafau ya mutu. A fahimtarsu mutanen zamaninsa sun nemi kashe shi saboda wa'azinsa, sai Allah ya sa shi cikin wahayi ya ɗauki ransa ba tare da ya ji zafin mutuwa ba, ya kuma ɓoye gawarsa kamar yadda ya ɓoye kabarin Musa. Masu irin wannan ra'ayi suna da wata hujja ta harshe da ba a raina ta: kalmar Girkanci da Ibraniyawa ta yi amfani da ita ga Anuhu ma'anarta sauya wa abu wuri, kuma ita ce cikin Ayyukan Manzanni 7:16 inda a ke zancen kai gawawwakin kakanni Shekem. Matsalarsu ita ce, rashin ganin mutuwa a bakin marubutan Sabon Alkawari ya fi kama da rashin mutuwa, ba rashin jin zafinta ba.

Rabin gardamar ma a kan kalmar "sama" ta ke. A Hausa tsuntsu yana sama, hadari yana sama, mai gidan bene yana sama, Allah kuma yana sama. Ibrananci da Girkanci ma haka su ke, har Bulus ya yi zancen sama ta uku cikin 2 Korantiyawa sura ta 12. Mutum biyu za su iya kwana suna musu a kan ko Anuhu ya tafi sama, alhali kowa da saman da ya ke nufi.

LITTAFIN DA HABASHA TA ADANA

Ƙarancin abin da Farawa ta faɗa shi ya buɗe ƙofar ƙari. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu aka soma rubuta littattafai da sunan Anuhu, masu ba da labarin yawonsa cikin sammai da abin da mala'iku suka nuna masa. Wasiƙar Yahuza, aya ta 14 da 15, ta ɗauko annabci daga ɗayansu kai tsaye. Daga baya ikilisiyoyin Turai suka ajiye littafin har ya ɓace musu, sai Ikilisiyar Habasha ce ta riƙe shi cikakke da harshen Gi'iz, tana kuma lissafa shi cikin littattafanta masu tsarki har yau. James Bruce, mutumin Sikotilan, ya koma Turai da kofe uku cikin 1773, aka buga fassarar Turanci cikin 1821, sa'an nan aka sami gutsattsarinsa da harshen Aramaik a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, aka buga su cikin 1976. Majami'un Jos ba su karanta shi a sujada, amma ɗaliban tauhidi ba su da makawa sai sun san shi saboda Yahuza.

Maƙwabtan Kirista a Jos ma ba baƙin wannan magana ba ne. Malaman tarihi da tafsiri na Musulunci da yawa sun ce Annabi Idrisu, Alaihis Salam, shi ne Ahnuhu kakan Annabi Nuhu, sunan da ya yi kusa ƙwarai da Anuhun Hausa. Suratu Maryam, aya ta 56 da 57, ta ambaci ɗaukaka shi zuwa wuri maɗaukaki, kuma hadisin Mi'iraji ya nuna an sadu da shi a sama ta huɗu. An ruwaito daga Mujahid cewa an ɗaga shi bai mutu ba. An kuma ruwaito daga Ka'abul Ahbar cewa a sama ta huɗu aka karɓi ransa, labarin da Ibn Kasir ya lissafa cikin Isra'iliyyat. Wasu kuma suka ce ɗaukakar ta daraja ce. Ashe tambayar ɗaya ce a Masallacin Juma'a da titin Noad, kowa da littafinsa.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN MUSUN

Ba don Anuhu kaɗai a ke wannan ja-in-ja ba. Faston da ya tsaya a bakin kabari dole ya gaya wa gwauruwa da marayu inda mamacinsu ya ke a wannan sa'a: yana tare da Ubangiji, ko yana barci, ko yana wani masauki yana jira. Abin da ikilisiyarsa ta ce game da Anuhu reshe ne na wannan amsa. In an bi nassin sau da ƙafa, ya fi goyon bayan masu cewa bai mutu ba, domin karya tsarin sura ta 5 da gangan aka yi, kuma haka marubucin Ibraniyawa ya fahimce shi. Amma zancen cewa ya shiga sama inda Allah ya ke, wannan fahimtar masu sharhi ce, ayoyin ba su furta ta ba.

In aka yi lissafi da shekarun da ke cikin nassin Ibrananci, an haifi Anuhu shekara 622 bayan Adamu, aka ɗauke shi a ta 987, shekara 57 bayan mutuwar Adamu. A ranar duk kakanninsa daga Shitu zuwa ƙasa suna raye. Mahaifinsa Yared ya ƙara shekara 435 a duniya bayan ɓacewar ɗansa, ba kabarin da zai nuna. Game da Iliya an faɗi cewa mutum 50 sun yi kwana uku suna bin duwatsu da kwaruruka suna nemansa. Game da Anuhu ba a faɗi wanda ya fita nema ba, sai dai cewar da aka yi ba a same shi ba ta nuna an nema. A Jos da ƙauyukanta, tun daga rikicin Satumba na 2001 da waɗanda suka biyo baya, akwai gidaje na Kirista da na Musulmi da suka fita irin wannan nema, suka dawo ba su da gawar da za su binne.